IDAN MABIYIYA TA TARE ƘOFA

Maigida da uwargida, da ku iyayenmu ungozomomi, wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure da cikin gida duka. Maganar da ke cikinta ita ce ta mace mai ciki wadda ta ga jini ba tare da ciwo ba, da abin da wannan jini ya ke jawo wa ɗan da ke cikinta.

Na daɗe ina aikin ɗakin shan magani a ƙauye, kuma abin da na fi gani shi ne wannan. Ciki ya kai wata bakwai, mace ta farka da asuba ta ga jini a zanenta. Babu ciwon mara, babu ciwon baya. Kafin hantsi jinin ya tsaya da kansa. Mutanen gida su yi hamdala, kowa ya koma harkarsa. Bayan mako biyu ko uku sai ya komo, wannan karo da yawa, tsakar dare, babu mota a gari. Sa'an nan a zo a buga mini ƙofa, alhali ba ni da abin da zan yi mata sai in tura su gaba. Jinin farko sallama ce ya yi. Gidan da ya amsa sallamar nan, galibi ya kan sami uwa da ɗa lafiya.

MECE CE MABIYIYA?

Mabiyiya ita ce wadda wasu ke kira uwar tafiya, wasu kuma su ce mahaifa. A nan za mu riƙa cewa mabiyiya, mu bar kalmar mahaifa ga jakar da ɗa ya ke kwance a ciki, don kada magana ta rikice.

Mabiyiya wata tsoka ce mai faɗi kamar ƙaramin faifai, nauyinta wajen rabin kilo. Gefenta guda yana manne da bangon mahaifa, ɗaya gefen kuwa daga nan cibiya ta fito ta tafi jikin ɗa. Muddin ɗa yana ciki, ba ya ci da bakinsa, ba ya numfashi da hancinsa. Abinci da iska duk daga jinin uwa su ke zuwa, su ratsa mabiyiya, su bi cibiya su same shi. Sabo da haka jini mai yawa ne ke kai da komowa a wurin. Idan ciki ya tsufa, abin da ke ratsa mahaifa cikin minti guda ya kai rabin lita. Ku riƙe wannan a zuciya, don shi ne dalilin da ya sa ba a wasa da jinin mai ciki.

Mahaifa kuwa kamar tulu ce da aka kife, gindi a sama, baki a ƙasa. Bisa ga al'ada mabiyiya ta kan manne a sama, nesa da baki. Ran haihuwa ɗa ya fara fitowa, ita ta biyo baya. Shi ya sa aka ce mata mabiyiya.

YADDA TA KE TARE ƘOFA

Wani lokaci sai ta manne a ƙasa. Idan tsakanin gefenta da bakin mahaifa bai kai santimita 2 ba, watau kamar faɗin babban yatsa, likitoci su ce ta sauka ƙasa. Idan ta rufe bakin, sai a ce ta tare ƙofa. Mai bi ta zama mai gaba ke nan.

Ba duk wadda aka gani a ƙasa ke zama a ƙasa ba. Idan ka yi wa ɗanyen duma zane kusa da wuyansa, yayin da ya girma za ka ga zanen ya yi nisa da wuya, ko da ya ke ba wanda ya matsar da shi. Haka mahaifa ta ke. Tana girma, ƙasanta yana miƙewa, mabiyiya tana nisa da baki. Cikin mata 10 da aka ga tasu a ƙasa a tsakiyar ciki, wajen 9 tasu ta kan yi sama kafin haihuwa. Wadda ta rage ita ce abin kula. A ƙarshen ciki a kan sami wannan ga mace 1 cikin kamar 200.

Ba daka ko surfe ke kawo shi ba, ba kuma abin da mace ta ci ba ne. Ba sammu ba ne, ba hannun kishiya ba ne, ba iska ba ce. Tun makonnin farko, wurin da ciki ya sami zama a mahaifa, nan mabiyiya ta ke tsira. Amma ya fi samun waɗannan: matar da ta yi haihuwa da yawa, da wadda ta wuce shekara 35, da mai cikin tagwaye, da wadda aka taɓa yi wa aiki aka ciro ɗa, da wadda aka yi wa wankin ciki bayan ɓari, da mai shan taba, da wadda abin ya taɓa samu a wani ciki.

ALAMARTA

Daga wata na bakwai ƙasan mahaifa ya kan fara miƙewa sosai, yana shirin haihuwa. Mabiyiya kuwa ba ta miƙewa. Sai gefenta ya ɗan ɓamɓare daga bango, jijiyoyin jini na uwa su buɗe. Jinin ja wur ne, sabo, ba ciwo, ciki kuma da taushi. Ya kan zo ko mace tana barci. Ya tsaya, ya komo, kuma na baya ya kan fi na farko.

Wata alama kuma, ɗa ya ƙi juyo da kansa ƙasa. Sai ya kwanta a gicciye, ko ya zo ta ƙafa, don mabiyiya ta cinye wurin da kai zai shiga.

Akwai wani jinin dabam, mai duhu, wanda ke zuwa da ciwo mai tsanani, ciki ya yi tauri kamar dutse. Wannan wata cuta ce, amma hukuncinsu ɗaya. Mai ciki ba ta yin al'ada. Duk jinin da ya fito bayan ɗa ya fara motsi, kome ƙanƙantarsa, na asibiti ne a ranar.

ABIN DA KE SAMUN JARIRI

Mutane sun san jini yana kashe uwa. Abin da ba su cika lura da shi ba shi ne rabon jariri cikin wahalar.

Babban abin da ke samunsa shi ne fitowa kafin lokaci. Cikakken ciki mako 40 ne. Duk wanda aka haifa kafin mako 37 bakwaini ne a wurin likita, ko da ya wuce wata bakwai. Idan jini ya ƙi tsayawa, babu dabara sai a ciro ɗa don a ceci ran uwa, ko ya nuna ko bai nuna ba. Jinin kansa kuma ya kan ta da naƙuda. Hatsin da aka girbe ɗanye kuwa kun san yadda ya ke a rumbu. Ga abubuwan da ke biyo baya.

Na fari, numfashi. Huhu yana cikin abubuwan da ke nuna a ƙarshe. Akwai wani ruwa mai santsi da huhu ke yi wanda ke hana shi mannewa idan an fitar da iska, kuma ba ya wadata sai wajen mako 34 zuwa gaba. Jaririn da ya fito kafin nan za ka ji yana nishi, ƙirjinsa yana lotsawa, leɓɓansa su yi duhu. Wannan shi ya fi kashe bakwaini a kwanakin farko.

Na biyu, sanyi. Kitsen jiki a watannin ƙarshe ya ke taruwa. Jaririn da nauyinsa bai kai kilo 2 da rabi ba ba shi da abin da zai riƙe ɗumi, ko a ɗakin da babba ke gumi. Sanyi ya kama shi, ya ƙi nono, ya yi laushi.

Na uku, shan nono. Tsotso da haɗiya da numfashi a tare, sai wajen mako 34 jariri ya ke iya su. Wanda bai kai ba ya kan gaji a kan nono, ko ya shaƙe.

Na huɗu, shawara da ƙwayoyin cuta. Hantarsa ba ta ƙosa ba, don haka idonsa da fatarsa su kan yi rawaya, idan ta yi yawa ta taɓa ƙwaƙwalwa. Jikinsa kuma ba shi da ƙarfin korar cuta, ƙazanta kaɗan a cibiya ta ishe shi.

Ban da fitowa da wuri, akwai ƙarancin iska. Idan uwa ta zubar da jini da yawa, jikinta ya kan tattara abin da ya rage ya kai wa zuciyarta da ƙwaƙwalwarta, ya rage wa mahaifa. Ɗa ya rasa iska tun yana ciki. Wani a haife shi bai yi kuka ba, wani a haife shi babu rai, wani ya rayu amma da lahani a ƙwaƙwalwa. Yawancin jinin da ke zuba na uwa ne, amma wani lokaci har na ɗa ya kan shiga ciki. Jaririn kilo 2 kuwa duk jinin jikinsa bai cika kofin shayi ba. Kaɗan ya rasa sai a haife shi fari fat, har ya bukaci ƙarin jini.

Wasu na cewa ɗan wata bakwai ya kan rayu, ɗan wata takwas ne ba ya rayuwa. Wannan magana ba haka ta ke ba. Kowane mako da ɗa ya ƙara a ciki riba ce a gare shi. Ɗan mako 34 ya fi ɗan mako 30 ƙarfi nesa ba kusa ba, ɗan mako 37 kuma ya fi su duka.

ABIN DA ASIBITI KE YI

Aikin asibiti a nan shi ne sama wa ɗa makonnin nan ba tare da an sayar da ran uwa ba. Da can, da zarar an ga jini sai a fitar da ɗa nan take, jarirai da yawa suka riƙa mutuwa don rashin nuna. A 1945 wani likita mai suna Macafee, a birnin Belfast, ya nuna cewa idan aka kwantar da mace a asibiti, aka tanadi jini kusa, aka jira, jarirai sun fi rayuwa. Har yanzu a kan wannan hanya a ke.

Hoton ciki shi ke nuna inda mabiyiya ta ke, hannu ba ya iya gane wannan. Ba ya ciwo, ba ya cutar da ɗa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowace mai ciki ta je awo sau 8, a kuma yi mata hoto sau ɗaya kafin mako 24. Idan an ga mabiyiya a ƙasa, a kan sake hoto wajen mako 32, in har yanzu tana nan a ƙara a mako 36.

Idan an ga alamar za a haihu kafin mako 34, akwai allura da a ke yi wa uwa don huhun ɗa ya yi saurin nuna. Amma tana bukatar kwana ɗaya ko biyu kafin ta yi aiki. Matar da aka kawo a jinin farko ta kan sami wannan allura a kan lokaci. Wadda aka kawo a sume ba ta da kwana biyun jira.

Idan mabiyiya ta rufe ƙofa, ɗa ba shi da hanyar fita sai ta aiki. Babu rubutu, babu jiƙo, babu allurar da za ta kawar da ita. Likita ya kan sa rana wajen mako 36 zuwa 37, kafin naƙuda ta tashi, ko kafin haka idan jini yana ta komowa. Aikin da aka shirya da rana tsaka, da jini a ajiye, da ma'aikata a tsaye, ya fi na tsakar dare sauƙi ga uwa da ɗa. Aiki ba ragwanci ba ne, ba kuma abin gori ba ne. Wadda aka yi wa aiki ta haihu kamar kowa. Idan mabiyiya tana ƙasa amma ba ta rufe ba, wani lokaci likita ya kan bar mace ta haihu da kanta, amma a asibiti, ƙarƙashin idonsa.

RAN DA AKA GA JINI

1. A tafi a ranar, ko jinin ya tsaya. Kada a jira gari ya waye, kada a jira ranar kasuwa.

2. Kada kowa ya sa hannu a gaban mace don ya duba. Iya ungozoma, wannan taki ce musamman. Yatsa guda yana iya huda mabiyiya, jini ya ɓalle kamar an fasa tulu. Mu ma da ke ɗakin magani ba ma sa hannu sai hoto ya nuna inda ta ke. Kada a cusa tsumma ko magani, kada a yi yankan gishiri, kada a danna ciki.

3. Kada a ba ta maganin zaƙi, ko jiƙon naƙuda, ko allurar naƙuda ta kantin magani. Naƙuda ita ce ke ƙara yage mabiyiya.

4. A kwantar da ita a gefen hagu, a lulluɓe ta. Kada ta tafi da ƙafa. Idan jinin da yawa kada a ba ta abinci, don mai yiwuwa ne a yi mata aiki da isarsu.

5. A nufi babban asibiti inda a ke aiki, a ke ƙarin jini. Idan ɗakin shan magani yana kan hanya a tsaya a sa mata ruwa a karɓi takarda, amma kada a kwana a nan.

6. A tafi da katin awo, da zannuwan da suka jiƙe don a ga yawan jinin, da 'yan'uwa lafiyayyu biyu ko uku waɗanda za su ba da jini. Mai lafiya ba ya cutuwa don ya ba da leda guda, jikinsa zai mayar.

AIKIN MAIGIDA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ciki yana ƙarami, ka ba iyalinka izini a gaban mahaifiyarka da maƙwabcinka, cewa duk ran da aka ga jini a tafi asibiti ko kana gona, ko kana cin rani. Mata da yawa sun zauna cikin jini suna jiran mai ba da izini ya dawo. Ka ware kuɗin mota, ka ajiye lambar wayar direba. Idan cikin fari ne, ka sani kunya za ta hana ta faɗa, sai ka sa wata babba ta riƙa tambayarta. Idan ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ka gaya musu abin da hoto ya nuna.

Idan an tabbatar mabiyiya tana ƙasa, ka ƙaurace wa shimfiɗarta har ta haihu, a kuma ɗauke mata daka da ɗaukar ruwa. Ta sha ƙwayar ƙarin jini da a ke bayarwa a wurin awo kullum, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ta kwana cikin gidan sauro. Ta ci zogale, da wake, da ƙwai, da hanta in an samu. Matar da ke da isasshen jini ta fi jure zubarsa. Idan ƙauyenku yana da nisa, ko rafi yana yanke hanya da damina, ka mai da ita gidan ɗan'uwa kusa da asibiti tun daga wata na takwas. In likita ya ce a kwantar da ita, ka yarda, ko tana ganin ta warke.

RENON BAKWAINI A GIDA

Idan Allah ya sa an haihu da wuri, kada a fid da rai. Wanda ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ko numfashi ya yi masa wuya, za a riƙe shi a asibiti a sa masa iska. Bayan an sallame ku, ga abin da za a yi.

A goya shi a ƙirji, fata da fata, tsakanin nonon uwa, da hula a kansa da safa a ƙafarsa, a ɗaure da zane, dare da rana gwargwadon iko. Wannan dabara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara ta a 1978, sabo da ƙarancin kwalbar jarirai, ta kuwa ceci jarirai masu yawa. In uwa tana jin ciwon ɗinki, kaka ko uba su karɓe ta. Ɗumin jikin mutum ya fi na garwashi, ba ya kuma da hayaƙi.

A ba shi dakashi, kada a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Nono zalla, ba ruwa, ba ɗauri, ba madarar akuya, har wata 6. A tashe shi ya sha bayan kowace sa'a 2 ko 3, don bakwaini ba ya kukan yunwa. In ba ya iya tsotso, a tatsa a tsabtataccen kofi a ba shi kaɗan kaɗan. Kada a yi masa wanka a ranar farko, bayan haka ma a goge shi da ruwan ɗumi cikin ɗaki, da sauri. A bar cibiya da tsabta, ba toka, ba gashi, sai maganin da asibiti ya bayar. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi. 'Yan barka su gani da ido, kada ya bi hannu hannu. Kada a cire masa beli, kaciya kuma a jira sai ya yi ƙwari.

A koma asibiti nan da nan idan ya ƙi nono, ko numfashinsa ya yi sauri, ko ƙirjinsa yana lotsawa, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko rawaya ta sauka har tafin hannu da ƙafa, ko ya yi jijjiga, ko cibiya ta yi ja tana ruwa.

Uwa kuma ta huta kamar shekara 2 kafin wani ciki. Ciki na gaba ta fara awo da wuri, ta gaya wa ma'aikata an taɓa yi mata aiki, ta haihu a asibiti, domin mabiyiya ta kan so mannewa a kan tabon ɗinki, wani lokaci har ta kama shi ta ƙi saki.

Rai da ajali na Allah ne, amma shi ne ya hore mana hoto da allura da likita, ya kuma ba mu hankalin zuwa wurinsu. Wanda ya ji wannan ya gaya wa maƙwabcinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sauki mata lafiya, ya raya abin da aka haifa, amin.